Kayan da Gajimare Ya Aiko

Tun da 'yan kasuwar garinmu suka miƙa bayanan cinikinsu ga kamfanin Gajimare, ba mai sarin kaya da tunanin kansa. Abin da unguwa za ta buƙata, shi mota ke saukewa da safe.

Inna Tasalla ta je kantin Nomau sayen maganin zuciya na mijinta.

"Bai zo ba, Inna," in ji Nomau, yana ta goge tebur. "Gajimare ya ce ba za a ƙara neman sa a layin nan ba."

"Ai Malam kaɗai ke shan sa a layin nan."

Nomau bai ɗago kai ba. A bayansa ta hango sababbin kaya: tabarmi, butoci, turare, da farin yadi naɗe cikin leda.

"Ɗazun nan Malam ya shanye kokonsa tas, har da mitar sukari," ta ce. "Ku hana shi magani, in ya cika ku ce Gajimare bai taɓa ƙarya ba."

Ta juya za ta fita, Nomau ya yi ƙasa da murya.

"Inna, a ajiye miki yadin? Guda ɗaya tak aka aiko."