Hannun da Dattijo Ya Ɗaga

Sau huɗu shugaban jam'iyya yana dawo wa da Magatakarda jawabin, kowane karo da zanen jan biro a jiki. Ya soke "na janye". Ya soke "sabon ɗan takararmu". A karo na huɗu, ko "na miƙa tuta" bai tsira ba.

Magatakarda ya ce, "To me ya rage da Dattijo zai faɗa?"

"Ya ce kanmu a haɗe yake. Ya ce wannan ɗana ne, ku riƙe shi kamar yadda kuka riƙe ni. Sauran aikin na masu kyamara ne."

Shekara goma sha tara Magatakarda yana rubuta wa Dattijo jawabi, tun ofishin jam'iyya ba shi da ko kujerar kirki. Sai bana suka hango haske, da Dattijo ya samu tikitin takarar shugaban ƙasa. Sannan aka yi muhawara a talabijin, ya yi shiru na kusan minti guda a tsakiyar magana. Kafin mako ya zagayo, manyan jam'iyya sun zauna sun sa wani matashin gwamna a gurbinsa. Takardar janyewa ta fito a jaridu da sa hannun Dattijo, tsaf da shi kamar na shekarun ƙuruciyarsa.

Jam'iyya ta dare gida biyu. Mutanen Dattijo suka rantse ba za su fita zaɓe ba sai sun ji daga bakinsa. Shi ya sa aka shirya taron haɗin kai.

Mako uku Magatakarda yana sintiri gidan, kullum babbar 'yar Dattijo ce ke tare shi a falo, da wayar mahaifinta a hannu.

"Kawu, ka yi haƙuri. Likita ya ce a bar shi ya huta."

Ya lura an cire talabijin daga bango, sai ramukan ƙusa huɗu. Jaridu kuwa sun taru a ɗakin maigadi, ko buɗe su ba a yi ba. Bai yi mamaki ba. Wanda aka ci wa fuska a bainar jama'a, me zai nema a labarai?

Fata ɗaya ya rage masa. Ya san Dattijo: in ransa ya ɓaci, ninke takarda yake yi ya sa a aljihu, ya faɗi abin da ke cikinsa ko da sama za ta faɗo. Ranar taro Magatakarda ya tsaya a gefen dandamali yana jiran wannan ninkewar.

Zauren ya cika maƙil. Ba hoton kowa a bango, sai tambarin jam'iyya. Aka shigo da Dattijo ta ƙofar baya cikin ƙarar lasifika, ba a tsaya gabatar da kowa ba, aka ajiye masa takardar.

Ya karanta ta kalma bayan kalma, har da murmushi. Da ya kai ƙarshe ya kamo hannun gwamnan ya ɗaga sama. Zauren ya ɗauki tafi, tsofaffin 'yan jam'iyya suna share hawaye, shugaban jam'iyya yana rungumar waɗanda jiya ko gaisawa ba sa yi.

Magatakarda ya kau da kai. Ashe Dattijo ma an lanƙwasa shi. Ashe shekara goma sha tara a rairayi aka yi ginin.

Ya bi ta bayan dandamali zai fice, sai ya tarar da Dattijo zaune a kujerar roba, 'yarsa tana ba shi ruwa.

"Kai, ina ka shige kwana biyu?" Dattijo ya kamo hannunsa. "Jawabin nan ya yi."

"Ranka ya daɗe, ban zaci za ka yarda ba."

"Baba, mota na jira," in ji 'yar. Ba ta yarda sun haɗa ido da Magatakarda ba.

Dattijo ya miƙe da ƙyar, ya sassauta murya kamar mai ba da sirri.

"Me zai hana in yarda? Yaron yana da ladabi, zai yi mini mataimaki na kirki. Kai dai ka fara rubuta abin da zan faɗa ranar da za a rantsar da ni."