Hujjar Kwana Uku

"Kwana uku ka makara wajen ɗaukaka ƙara," in ji alƙali. "Mene ne uzurinka?"

Tsohon tela ya miƙe da ƙyar. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana amsa wannan tambaya. Alƙalai biyar sun yi ritaya a kanta, shagon da aka ƙwace masa kuma har yau yana garƙame.

"Ranka ya daɗe, matata ce ta yi doguwar naƙuda."

Alƙali ya ɗaga takardar asibiti, ta koɗe har rubutun ya ɓace. "Wannan ba ta nuna an haifi kowa ba. Kotu ba ta aiki da labari."

Lauyar tela ta tashi. "Ya mai shari'a, ni aka haifa."

Alƙali ya dube ta sama da ƙasa, ya yi ɗan rubutu. "Kotu ta karɓa. Magatakarda, manna mata lamba, a kai ta ɗakin ajiyar hujjoji."

"Baba!" ta ce, magatakarda yana jan hannunta.

Alƙali ya juyo kan tela. "Kai kuma ka zo mana ba lauya? An ɗage zama sai baɗi."