Saƙo Ɗaya, Kwana Arba'in

"Miƙo salular, Inna," in ji jami'in yaƙi da jahilci, yana duban agogo. "Na'urarmu a Tasawa ta nuna karatunki ya tsaya. Kwana arba'in saƙo ɗaya kike rubutawa: 'Ruwa bai zo ba.' Wata za a ba."

Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, ko shuka ba a yi ba a Urafan. Matar ta ƙanƙame salular. Ta tsuguna, ta cika ƙasa da rubutu: sunayen 'ya'yanta, da ranar da kowace akuyarta ta mutu. Babu kuskure.

"To me ya hana ki sake saƙon?"

"Malam, maigidana yana cin rani, kullum tambayarsa ke nan, ko ruwa ya zo. Ran da sama ta sake magana, ni ma zan sake."