Kwantena ta Huɗu

Yaya ya sake goge layin da ya rubuta. Karo na biyar kenan, Auta tana ƙirgawa.

"Wai Yaya aikin nan ba ya ƙarewa ne? Tun ɗazu fa kake cewa saura kaɗan."

"Saura kaɗan," ya ce, bai ɗago ba.

Daga inda take ba ta ganin allon kwamfutar, fuskarsa kawai take gani, da labulen bayansa da ranar la'asar ta ratso. Amma ta san abin da yake yi, don Yaya ba ya iya rubuta umarni sai yana karantawa a fili, kamar ɗan aji ɗaya. Da haka ta haddace aikin nasa kaf. Kwantena manhaja ce a kulle cikin akwatinta, ɗaki ne ba ƙofa ba taga. Ba ta jin kowa, ba mai jinta, sai an rubuta layi ɗaya a baƙin allo an jona ta da netwok. Shi Yaya ya ƙirƙiri nasa netwok ɗin a cikin kwamfutar, ya sa masa suna gida.

Kwantena uku ne a kan gida. Ɗaya tana tuna wa Umma lokacin magani. Ɗaya tana ajiye hotunan iyali. Ɗaya tana riƙe da 'yar lasifikar da ke gefen gadon Umma. Ta huɗun ce ta hana shi sakat. Ya gwada ta a keɓe ya fi a ƙirga, ba ta da matsalar komai, amma da ya zo jona ta sai hannunsa ya tsaya.

"Me ke cikinta ne haka?"

"Tsofaffin saƙonni ne. Na murya, da na rubutu."

"To don wannan ka tsare ni? Haba malam injiniya."

Ita fa sauri take. Da safen nan suka yi faɗa da Umma saboda waya. Umma ta ce ta ajiye ta ta karya tukuna, ita kuma ta ce ai ita ba jaririya ba ce, ta saɓi jakar makaranta, ta bugo ƙofa har sai da makulli ya faɗo. Ko sallama ba ta yi ba. Tun daga nan abin yake cinta. Kalma uku kawai take so ta faɗa, Umma ki yafe, shi kenan. Yaya kuma ya kafe, wai Umma ba ta jin daɗi, sai ya gama zai kai ta.

Ya cire tabarau ya murza ido. Yaushe ma ya fara sa tabarau?

"Kai, Yaya, furfura ce a gemunka! Wallahi tsufa ya zo maka ba sallama."

Ya yi dariyar yaƙe. Ya ɗauki kofin shayinsa ya kurɓa. Kofi ɗaya ne a teburin, ko tayi bai yi mata ba, ita ma ba ta ji tana so ba. Abin da ya fi damunta shirun gidan. Ba ƙarar tukunya, ba rediyon Umma, ba komai sai muryar Yaya da ƙas-ƙas ɗin madannai. Har bangon ɗakin ma kamar ba wannan fentin ta sani ba.

Aka turo ƙofa. Anti ce, ƙanwar Umma, ta rame ta yi wani iri. Auta ta gaishe ta da ƙarfi. Anti ta daskare, ta dafe ƙirji.

"Kashe abin nan," ta ce wa Yaya ƙasa-ƙasa. "Ni ba na son ji."

"Anti..."

"Likita ya ce ba lallai ta kai gobe ba. Sunan nan dai take ta kira. In za ka yi, ka yi yanzu. In ba za ka yi ba, ka zo ka zauna kusa da uwarka."

Ta ja ƙofar ta fita.

Gobe? Wace goben? Da safe fa Umma ras take, har da ƙarfin faɗa.

"Yaya ka ƙyale shirgin nan ka kai ni! Don Allah!"

Ya daɗe yana kallonta, ido cikin ido. Sannan ya gyara zama.

"Me za ki ce mata?"

"Ba ruwanka. Tsakanina da ita ne."

Ya ɗora yatsu a kan madannai, yana karantawa a fili. "Network. Connect. Gida." Kalmar ƙarshe bai karanta ba. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, harafi huɗu. Ya danna.

Sai duniya ta buɗe. Ba ta motsa ko taku ɗaya ba, amma ga agogon bangon ɗakin Umma yana bugawa, ga fanka, ga wani numfashi mai nauyi dab da ita.

"Umma? Ni ce. Ki yafe min abin da na yi da safe."

Numfashin ya tsaya, ya dawo.

"Auta," in ji Umma, da wata tsohuwar murya da Auta ba ta taɓa ji ba. "Ai tun kafin makullin ya faɗo na yafe. Kin karya kuwa?"

A can ɗaya ɗakin, Yaya ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna girgiza. A baƙin allon, kalmar ƙarshen layin, sunan kwantena ta huɗu, tana nan: auta. Gefen kwamfutar kuma, inda kyamara ba ta kaiwa, hoton wata yarinya ne cikin kayan makaranta, wadda ta bugo ƙofa wata safiya shekara tara da suka wuce, mota ta buge ta kafin ta kai bakin makaranta.