Kogin Baba a Cikin Duro

Babana masuncin Yawuri ne da ya zo Umra bai koma ba. Wata la'asar a unguwarmu ta Karantina ya zaunar da ni gaban duron ruwanmu. Ya naɗa gashin kaza a 'yar ƙugiya, ya maƙala mata dalma, ta zama kamar ƙwaro. Ya sake ta, tsulum ta nutse.

Ya ce, "Kifi a ƙasa yake kiwo. Dole ta sauka da sauri."

Ƙarnin teku yana shigowa ta taga. Na ce, "Yalla Baba, mu je mu gwada."

Ya dubi ƙofa. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, kuma ana kame a titi.

"Halas, shi ke nan, gwada a nan."

Har ya rasu duron nan ne koginsa. Ni kuwa har yau ba na iya leƙa duro.