Wutsiyar da Ta Bar Ni a Makaranta

Ina aji huɗu a Yelwa, lokacin muna jihar Sakkwato, Baba ya ce zai cire ni daga makaranta in taya Inna bandar kifi. Wata la'asar malaminmu ya same mu ni da Baba a bakin ruwa, ya tambaye ni sana'ar Baba da Turanci.

Na ce, "My father catches fish."

Baba ya ajiye taru. "Malam, mi ta ce?"

"Daidai ta faɗa. In mai aikin mutum ɗaya ne, sai an ƙara wa kalmar aikin wutsiya. Har 'yan aji shida suna mantawa."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Gobe kada ki makara."

Yau ni ke koyar da wannan darasi, da alfahari.