Baƙon Ranar Juma'a

A asibitin Shagari suka haɗu. Tsohon ya je daga Mandera neman maganin ciwon gwiwa, sai ma'aikacin lafiyar, Abdulmalik, ya ƙura masa ido, ya ajiye biro, ya durƙusa har ƙasa.

“Malam Hassan! Kai ka koya muna Turanci Boɗinga!”

Tsohon ya amsa gaisuwar. Rabon da wani ya yi murnar ganinsa har ya manta.

Daga nan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, babur ɗin Abdulmalik na ƙofar gidan da maƙwabta ke kira na Baba Ɗanbiyu. Gida ne shiru: mata ta rasu, babu ɗa babu jika, sai akuya guda mai yawan ƙorafi. Abdulmalik ya zo da goro da lemo, ya zauna ya yi ta zuba yabo, yadda Malam ya saya masa takalmi, yadda ya hana a cire shi daga makaranta. In ya jefo Turanci, tsohon sai ya yi murmushi, ya murza tafin hannunsa da fartanya ta yi wa kanta. Tun daga Laraba yake fara share zaure, kuma ba abin da yake tsoro kamar Juma'ar da ba zai ji ƙarar babur ɗin nan ba.

Rannan Abdulmalik ya zo baki har kunne. Tsofaffin ɗalibai sun shirya taron karrama Malam a Boɗinga, da hedimasta da sauran malaman da suka yi aiki tare.

“Jawabi kaɗai za ka yi muna, irin Turancin nan naka.”

Tsohon ya ce gwiwa ba za ta bari ba. Aka ce akwai mota. Ya ce to.

Da babur ya ɓace, ya daɗe zaune yana kallon ɓawon lemo. Ya san wannan ce Juma'ar ƙarshe, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ja sandarsa ya nufi maƙabarta, ya tsuguna gaban wani kabari da ruwan damina ya kusa shafewa.

“Hassan,” ya ce, “ɗalibanka na nemanka. Ka gafarta wa Husaini, na ari sunanka don in samu mai gaishe ni.”